Tafiyata Zuwa Duwatsun Kagoro Da Abin Da Ruwa Ya Koya Mini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata tafiya da na yi, domin na samo wani gargaɗi a cikinta wanda bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

A hutun damina na 2023, cikin watan Agusta, na saɓa 'yar jakata a baya, ba kome ciki sai riga biyu da buta da bargo da ɗan ƙuli-ƙuli, na tashi daga Matazu. Na bi ta Malumfashi da Funtuwa da Zariya, na kwana Kaduna. Kashegari na bi ta Kachiya da Zonkwa, inda na ga gonakin citta da na acca, har na sauka Kafanchan da la'asar, ana ta yayyafi. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, gama tun 1927 nan ne hanyar da ta taso daga Fatakwal ta ke rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Akwai Hausawa da yawa zaune, saboda haka masauki bai yi mini wuya ba.

Da gari ya waye na tafi Matsirga, wajen Madakiya, inda kogi ya ke faɗowa daga kan dutse. Tun daga nesa za ka ji rugugi kamar ana luguden sussuka a gari guda. Tsawon faɗuwar ruwan ya ɗara rimin da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu, feshinsa kuwa yana tashi kamar hayaƙi, har ya jiƙa mutum sharkaf tun bai kusato ba. Na tsaya ina ta tasbihi, na tuna yadda matanmu su ke tonon yashi a rafi da bazara don su sami tulu guda. Lalle gani ya kori ji.

Daga nan na wuce Kagoro, wadda mutanenta su ke kira Gworok. Garin yana gindin dutse, dutsen kuwa gefen tudun Jos ne na yamma, tsayinsa ya wuce mita 1,000 daga bakin teku. Wannan shi ne dalilin yawan ruwansu. Iskar damina da ta ke tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da laima, in ta ci karo da dutsen sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Su kan fara samun ruwa tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, alhali mu a Matazu sai wajen Yuni mu ke shuka da ƙarfin zuciya. A nan ne Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har 2008, kuma kowace ran 1 ga Janairu su kan yi bikinsu na Afan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na sami wani dattijo manomi ya yarda ya yi mini jagora. Muka bi wani kwazazzabo mai ƙorama a tsakiya, dutse a dama, dutse a hagun, wani wuri mu taka ruwa iyakar gwiwa, wani wuri mu yi rarrafe muna kama saiwar itace. Rana tana haske, raina ya yi fari ƙwarai, har na ce mu ƙara gaba in ga mafarin ruwan. Sai dattijon ya tsaya cik, ya dubi ƙoramar, ya ɗaga kai ya dubi ƙwanƙolin dutse, ya ce, “Malam, mu fita.”

Na ce, “Haba Baba, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.”

Ya ce, “Ba a kanmu zai sauka ba. Dubi ruwan.”

Na duba, ashe ruwan da ya ke garau ɗazu ya fara yin ja, ga ganyaye da ƙirare suna wucewa. Na so in yi gardama irin ta ɗan boko, amma ya riga ya kama hawa, dole na bi shi, har takalmina ɗaya ya suɓuce ban tsaya ɗauka ba. Ba mu daɗe da kai wa wani fa ba sai muka ji ƙugi, iska mai sanyi ta buso daga cikin kwazazzabon, sai ga ruwa jawur ya taho da itatuwa da duwatsu, ya rufe wurin da mu ke tsaye ɗazu, ya wuce tsayin mutum. Gwiwoyina suka yi sanyi, na zauna ina salati. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Da hankalina ya komo, dattijon ya bayyana mini, na kuwa ga maganarsa ta yi daidai da abin da mu ke karantarwa a aji ba mu aiki da shi. Ruwan da ya sauka bisa fa ba ya nutsewa kamar yadda ya ke yi a gona. Dukansa gangarowa ya ke yi, ya taru a matsatsin wuri lokaci guda, ya iso ƙasa tun wanda ke can bai san an yi hadari ba. Ko Turawa masu yin wannan wasa na bin kwazazzabo da igiyoyi da hulunan kwano ba su tsira ba. A ƙasar Suwizalan, kusa da wani garin duwatsu wai shi Intalaken, ran 27 ga Yuli 1999, irin wannan ruwa ya hallaka mutum 21 a rana ɗaya, galibinsu samari ne da 'yan mata matafiya, har da masu yi musu jagora.

Kada wani ya ce wannan zancen masu duwatsu ne. Rafukanmu na yashi, da kogin Karaduwa kansa wanda ya ke cika madatsar Zobe, haka su ke yi in an yi ruwa a sama. Yaranmu suna wasa cikinsu, masu kiwo suna ƙetarewa da bisashe, mata suna wanki, kowa yana duban sararin da ke bisa kansa kaɗai. Saboda haka ina roƙon malaman makarantun boko da na allo, da limamai da masu unguwa, su koya wa yara alamun nan: ruwa ya sāke launi, ganye da ƙirare su yawaita, a ji ƙugi daga sama, ko a hangi hadari wajen da rafin ya fito. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, ya hau tudu nan da nan, kada ya tsaya tattara kaya.

Ban faɗi wannan don in hana kowa tafiya ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma abin kunya ne malami ya san sunan duwatsun Turai bai taɓa ganin na ƙasarsa ba. Amma mai niyya ya tambayi lafiyar hanya tukuna, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya ji maganarsa, ya kuma bar shiga kwazazzabo sai kaka ta yi. Ni dai na komo gida da takalmi ɗaya, na kuwa gode wa Allah da ya bar mini ƙafafun duka biyu.

Allah ya kiyashe mu, ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Matazu.