Fadamarmu Ma Wurin Shaƙatawa Ce

Mai karatu, a Amurka mutane har kuɗi suke biya don su shiga fadama. An shimfiɗa musu gadar katako bisa taɓo, a gefen tafkin wani tsohon injin niƙa, suna tafe da yara suna ƙirga kififiya da zalɓe.

Mu kuwa a Fadan Kagoma, fadama wurin shinkafa da rake ce kawai, alhali da damina ga belbela, ga shamuwa, ga guza, duk kyauta. Ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Ga kurmin Nindam wajen Kagoro, wanda ƙungiyar BirdLife ta sa cikin muhimman wuraren tsuntsaye, saboda irin na kurmin kudu da ke cikinsa.

Abin da ke damuna tun dawowata shi ne buhunan gawayi a bakin titi. Mai sara ba mugu ba ne, kuɗin makaranta yake nema. To amma yaron da bai taɓa zama ya kalli tsuntsu ba, ina ruwansa in an sare bishiyar?

Don Allah ranar Asabar ku kai yaranku rafi. Allah ya sa mu dace.