Sunan da na sa wa manomin Japon

Yau kuskurena zan ba ka labari.

Wani dare a ajinmu na yaƙi da jahilci, wani dattijo ya nuna rubutun da ke jikin moto, ya karanta shi da kansa: Honda. Ya ce: "Malam, su wane ne mutanen nan?" Na ce mutanen Japon ne. Sai aji ya roƙa in rubuta musu labarin ƙasar. Na zauna na tsara labarin wani manomin shinkafa na wajen shekara ta 1800. Na sa masa suna Honda, matarsa kuma Hanako. Sunayen da na sani ke nan.

Kafin in kai aji, na nuna wa wani abokina da ya yi karatun noma a can. Ya yi dariya. Ya ce: "Ka naɗa wa talaka rawanin sarki."

Ga abin da na koya. Daga 1603 zuwa 1868, gidan Tokugawa ke riƙe da mulkin Japon. A lokacin nan sunan zuri'a na manya ne, wato fadawan sarki da mayaƙa masu takobi biyu da ake ce wa samurai. Manomi ko ɗan kasuwa ba shi da izinin sa sunan zuri'a a takardar hukuma, sai in an yi masa alfarma. Da yawa suna da shi, amma a gida yake tsayawa. Honda kuwa sunan babban gidan mayaƙa ne. Honda Tadakatsu yana cikin manyan jarumawan Tokugawa Ieyasu. Sai a 1870 aka ba talakawa izini, a 1875 kuma aka tilasta wa kowa. Mai kamfanin moto ya zo daga baya, a 1948 ya kafa shi.

To, yaya ake kiran manomi? Da sunansa da na ƙauyensu. Sau da yawa sunan yana faɗin matsayinsa a haihuwa. Ɗan fari Taro (ba taron jama'a ba), na biyu Jiro, na uku Saburo. Wannan bai ba ni mamaki ba, tunda mu ma muna da Auta da Tanko. In ya girma, sunan yakan ƙare da "bei" ko "emon", kamar Jirobei.

Na matar ma ban dace ba. Sunayen da ke ƙarewa da "ko" na matan fada ne a da. Sai wajen shekara ta 1900 suka fara yaɗuwa cikin talakawa. Matar ƙauye gajeren suna gare ta, ana sa masa "O" a gaba: O-Kiku, sunan wani fure, ko O-Matsu, sunan itacen da ba ya kaɗe ganye ko da sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne na manyansu. Namiji yakan sake suna in ya balaga. Ieyasu kansa Takechiyo ne yana yaro. Kuma ba kowa ke kiran babba da sunansa na ainihi ba. Rashin kunya ne. Sai a kira shi da sarautarsa. Ka ga dai alkunya ba a gidanmu kaɗai take ba.

Da farko na so in bar labarin yadda yake. Na ce wa zai sani? Amma na tuna dattijon nan. Shekara sittin bai iya karatu ba. Yanzu duk abin da ya gani a takarda, gaskiya yake ɗauka. In na ba shi ƙarya, zai kai ta kasuwa ya faɗa, har ya ce malam ne ya rubuta.

Na sake rubutawa daga farko. Manomi ya zama Jirobei, ɗa na biyu a gidansu. Matarsa O-Matsu. Honda kuwa na mai da shi mai takobin da ke zuwa karɓar haraji, don da shinkafa ake biya a lokacin.

Daren da muka karanta, dattijon ya tsaya a kan Jirobei. Sau uku yana haɗa baƙaƙen kafin sunan ya fito. Sannan ya ɗaga kai ya ce: "Malam, to wansa Taro fa? Shi ya gaji gonar?"