Kwana biyu a bakin Tafkin Oku

'Yan'uwa matasa, duk wanda yake ganin ya san sanyi domin ya taɓa kwana a Jos a watan Janairu, bai hau Dutsen Oku ba tukuna. Dutsen yana arewa maso yammacin Kamaru, tsayinsa mita 3,011. A jikinsa akwai tafki cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, wajen mita 2,200 sama da teku, kurmin Kilum-Ijim kuma ya kewaye shi. Na kai ɗaliban makarantar tauhidi su takwas can kafin rikicin da ya ɓarke a yankin a 2016. Yanzu ba zan shawarci kowa ya kama hanyar ba sai ƙura ta lafa.

Mun kafa tantuna a gefen kurmin, ɗan nesa da ruwa, inda jagoranmu, mutumin Oku, ya nuna. Wuri guda kaɗai ya yarda a hura wuta, kuma kafin a kwanta sai ya taɓa tokar da hannunsa. Gobarar rani ta sha cin wannan kurmi, ga shi daga nan ake samun farar zumar Oku da iyalai da yawa suke ci da ita. Da asuba hazo yakan rufe tafkin ruf, bargo ya jiƙe, shayi ya huce kafin ka kai baki.

Mutanen Oku suna ɗaukar tafkin da tsarki, ba a shigarsa haka kawai. A daren farko wani ɗalibi, mai himma ƙwarai, ya ce mini, “Baba Fasto, bari in yi iyo gobe, su ga cewa ba ma tsoron komai sai Ubangiji.” Na hana shi. Ya yi fushi, har ya tambaye ni ko na fara tsoron aljannun ruwa ne.

Ba na tsoronsu. Amma mu baƙi ne, mutumin da ya ɗauko mana kaya yana zaune tare da mu, yana jin komai. Sa'ad da Bulus ya ga bagadan Atina, cikin Ayyukan Manzanni sura 17, bai rushe ko ɗaya ba. Ya zagaya, ya duba, sa'an nan ya yi magana da masu su. A ganina iyon nan girman kai ne da ya sa rigar bangaskiya, kuma na sha ganin irinsa a kan bagade.

Akwai kuma abin da ɗalibin bai sani ba. Cikin ruwan nan akwai wani ƙaramin kwaɗo da ba a samunsa ko'ina a duniya sai nan. Babu kifi a tafkin, masana kuwa suna fargabar ranar da wani zai zuba, domin kifin zai iya ƙarar da shi. Hanin da yaron ya raina yana cikin abubuwan da suka tsare wannan halitta.

Washegari jagoran ya nuna mana tsuntsun nan mai jan tukku, wanda ake sa gashinsa a hular manyan gari. Da za mu sauko ya roƙi mu yi wa 'yarsa marar lafiya addu'a. Na ce ɗalibin nan ya yi.