Da Kwamfutata Ta Zama Bebiya

Mu da muka fara rubutu da biro da littafi mai fallaye arba'in, a da ido da hannu kaɗai ne jarinmu. Yanzu kuwa kunne ma ya shigo cikin sana'ar. Ana karanta littattafanmu a rediyo da YouTube, bincike kuma sai mu naɗi muryar tsofaffi mu zo gida mu saurara. Saboda haka idan kwamfutar marubuci ta yi gum, rabin aikinsa ya tsaya.

Tawa tafi-da-gidanka tsohuwa ce. Da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11, sai ƙanena ya ɗora min Ubuntu. Wannan babbar manhaja ta fito ne a 2004, kuma reshe ce ta Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma a buɗe take, duk mai so zai iya leƙa cikinta ya gyara.

A cikin wannan kwamfuta akwai hirar da na yi da gwaggona kafin ta rasu, kusan awa uku tana ba ni labarin auren da, tun daga kamu har zuwa buɗar kai. A kanta na gina kashi na uku na littafin da nake rubutawa. Ana tsakiyar hunturu mahaifiyata ta ce a kunna mata ta ji muryar yayarta. Na kunna, hoton sauti yana ta motsi a allo, amma shiru kake ji. Idan na sa abin saurare na kunne sauti tangaram, da na cire sai gum.

Mai gyaran da na nuna wa ko buɗewa bai yi ba ya ce ko dai lasifika ta mutu, ko kuma "wannan baƙuwar manhajar" ce, in bar masa ita mako guda ya wanke ta. Mai karatu, ka san abin da ake nufi da wankewa: muryar gwaggo ta tafi. Ga kuma littafin da bai fito ba, wanda in ya kuɓuce sai dai in gan shi yana yawo a WhatsApp. Na rungumo abata na dawo gida.

Da ƙanen nawa ya zo sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, sauti a Linux kamar baƙo ne a gidan gargajiya, sai ya wuce zaure da soro kafin ya iso tsakar gida. Mu bi ƙofa-ƙofa mu ga wadda aka rufe." Ya ce a can ƙasa akwai ALSA mai magana da ƙarfen na'urar kai tsaye. A samanta akwai mai rarraba sauti, wanda a Ubuntu PulseAudio ne tun 2008, har PipeWire ya karɓe shi a 2022.

Ƙofar farko ita ce wajen saitin sauti. Wani lokaci kwamfuta kan tura sautin zuwa mahaɗar HDMI ta talabijin, ko zuwa wata lasifikar Bluetooth da aka taɓa haɗawa. Idan kuwa aka ga an rubuta Dummy Output, to manhajar ba ta ga na'urar sautin ba sam, matsalar ta direba ce. Tawa ba haka ta nuna ba. Cewa ta yi akwai abin kunne a jone, alhali babu komai.

Ƙofa ta biyu, ya buɗe baƙin allon nan na umarni ya rubuta alsamixer. Sai ga wasu ginshiƙai a jere. Ya danna F6 ya zaɓi na'urar sauti, ya nuna min cewa duk ginshiƙin da ke da MM a ƙasansa an toshe masa baki, a danna M ya koma 00. Can gefen dama akwai Auto-Mute Mode, mai kashe lasifika da zarar an soka abin kunne. Ya kashe shi, ya buɗe bakin lasifikar, sai muryar gwaggo ta cika ɗakin tana cewa a zamaninsu kwana bakwai ake biki. Mahaifiyata ta sa gefen mayafi ta share ido.

Ashe ƙurar hunturu ce ta cushe a ramin abin kunne, kwamfutar ta zaci kullum a jone yake. Muka kashe ta, muka sakace ramin a hankali da busasshen tsinke, komai ya koma daidai.

'Yan'uwana marubuta, kafin ku miƙa wa wani kwamfutarku, ku bi waɗannan ƙofofi. In duk sun ƙi, ku tayar da ita daga filashin da ke ɗauke da Ubuntu ba tare da an goge komai ba. Idan sauti ya fito, saiti ne ya rikice. Idan bai fito ba, a lokacin ne za a fara zancen direba ko sukundireba. Kuma ko mene ne, ku kwafe rubutunku da muryoyin tsofaffinku a wuri biyu tukuna, domin lasifika ana samunta a kasuwa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.