Wasiƙa daga Riyad: Gilashin Motar Yaya

Wannan karon ba daga Ingila nake rubuto muku ba. Jami'a ta ba ni wata biyu in tattara bayanan bincikena a Birnin Masana'antu na Biyu da ke kudancin Riyad, kan hanyar Alkharj, kuma a wajen Yaya na sauka.

Duk wanda ya san garin nan ya san gilashin mota ba kayan ado ba ne. Da bazara zafi kan haura digiri 40, ga guguwar ƙura. Kuma a ƙofar kowace masana'anta sai ka sauke gilashi ka nuna wa mai gadi kati. To motar Yaya tsohuwa ce, ƙirar 1998, kuma gilashin ɓangaren direba ya sauka ya ƙi tashi. Wani makanike ya ce sai an canza injin gilashin dungurungum, kuɗin kuwa daidai da abin da Yaya ya ware wa makarantar yara a gida. Sai na ce ya ba ni ranar Juma'a, tunda babu aiki.

Ga yadda muka bi abin daki-daki, ko zai amfani wani. Da farko mun gwada sauran gilasai uku, duk suna aiki. A motoci da yawa fis ɗaya ke ba su wuta gaba ɗaya, don haka muka wanke fis daga zargi. Na biyu, muka murɗa makulli ba tare da tayar da mota ba, muka kunna fitilar rufi, muka danna maɓallin. Idan wuta na isa ƙaramin injin amma ya cije, zai ja wuta da yawa har fitilar ta ɗan dushe. Tamu ko gezau, kuma babu ƙara daga cikin ƙofa. Ke nan wutar ce ba ta isa.

Muka cire murfin ƙofa, muka haɗa injin kai tsaye da batir mai bolt 12. Nan take gilashi ya tashi! Da muka juya wayoyin biyu sai ya sauka, domin da haka maɓalli ke sauya masa alkibla. Injin lafiyarsa ƙalau. Saura maɓalli da waya. Akwai wata roba mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota wadda wayoyi ke bi ta ciki. Ƙofar direba ta fi kowace buɗuwa, shekara da shekaru wayoyin na lanƙwashewa, zafi kuma na busar da rigarsu. Muka janye robar, sai ga waya ɗaya ta katse. Muka cire kan batir, muka yi mata ƙari da dalma, muka naɗe. Shi ke nan.

Da ma injin ne ya mutu, da mun nufi kasuwar tsofaffin motoci ta Alha'ir, wadda Larabawa ke kira tashlih, kamar dai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Ku masu motoci 'yan Kwatano, ga hunturu ya kama. Ku riƙa goge ƙura daga robar da gilashi ke bi, ku fesa mata man silikon, kada injin ya wahala. Kuma kada kowa ya sa hannu cikin ƙofa alhali makulli na kunne, ƙarfen nan na iya datse yatsa.

Kuɗin makaranta dai ya tafi gida jiya. A gaida Inna da Baba da yara duka. Sai wasiƙa ta gaba.

Naku har kullum.