Raɗaɗin Attaruhu

Har yanzu ina mamakin yadda attaruhu ke ƙona hannu ba tare da wuta ba. Mai jajjage ta gama aiki, ta wanke hannu, amma tafinta na zogi har dare. Sinadarin da ke cikin attaruhu, kafsaisin, yana taɓa jijiyar da ke farkawa idan zafi ya kai wajen digiri 43, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ƙuna ce. Gano wannan na cikin abin da ya ba masanin kimiyya David Julius kyautar Nobel a 2021.

Ruwa kaɗai ba ya ɗauke kafsaisin, domin maiƙo yake bi. Shi ya sa nake ganin hikimar iyayenmu mata da ke shafa man gyaɗa, sannan su bi da sabulu. A baki kuwa, kindirmo ya fi moɗar ruwa.

Ido ne ba ya son dabara. Kada a murza, kada a ɗiga mai. A yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. Idan gani ya dushe, ko yaro ya shaƙi garin barkono numfashinsa ya sarƙe, sai asibiti.