Abin da Muka Hango daga Kan Tanki

Bara malamin ƙungiyarmu ya nuna mana wani bidiyo a wayarsa. Gudun fanfalaki ne na birnin Legas, wanda aka fara a 2016, ake kuma yi a watan Fabrairu. Wani ne ya ɗauko shi daga saman dogon bene. Dubban mutane ne, amma daga can sama sai ka ce jerin tururuwa. Malam ya ce tafiyar kilomita 42 ce, a wancan lokacin ana tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere zuwa Eko Atlantic, kuma a hanya sai an ƙetare gadar Third Mainland, wadda ita kaɗai ta haura kilomita 11. 'Yan Kenya da Habasha ne suka fi cinye gasar.

Mu dai benen ne ya fi burge mu. Muka ce ashe wanda ke sama shi ke ganin komai.

To, a Dingyaɗi ba mu da bene irin wannan, amma muna da tankin ruwa. Da ranar tseren gidaje ta zo, mu uku muka roƙi izini, aka ba mu tsani, mai gadi ya riƙe mana shi yana ta faɗa. (Kada wani ya ce zai hau ba izini, ƙarfen yana da santsi.) Daga can kuwa an sha kallo. Ga gonaki an gama girbi, ga karan gero a tsattsaye, ga shanu can nesa, ga 'yan gudu sun miƙe cikin hazon hunturu, ja da kore da shuɗi da ɗorawa. Ba ka ganin fuska, launin riga kawai kake gani.

A kwanar dawowa muka ga wani mai jar riga ya bar hanya ya shige bayan wani shinge. Can kuma sai ga mai jar riga ya ɓullo gaba, ya wuce mutum huɗu. Muka dubi juna. Mun san wanda ya shiga bayan shingen, ɗan aji uku ne, mun gane shi tun daga farawa saboda tsawonsa. Ko sauka ba mu gama yi ba muka fara faɗa wa mutane cewa ya yanke hanya. Kafin a tashi, maganar ta zaga makaranta, har wasu suna binsa da “mai gajeriyar hanya”.

Washegari muka kai wa malam rahoton don a liƙa a wannan allo. Ya karanta, ya tambaye mu, “Wa kuka ji ta bakinsa?” Muka yi shiru. Ya ce mu je mu nemi yaron.

Mun same shi a bayan aji, ƙafarsa ɗaure da tsumma. Ya ce, “Mi niy yi muku? Ƙaya nit taka.” Ashe ba takalmi ya yi gudun. Ya raɓa shingen ne ya zauna yana cire ƙaya, bai ma ƙarasa tseren ba. Wanda muka gani ya ɓullo gaba ɗan gidansu ne, shi kuma kan hanya ya bi, malamin da ke tsaye a kwanar ya shaida.

Sai a lokacin malam ya gaya mana abin da ba mu tambaya ba ranar bidiyon. A manyan gasanni ba a dogara da idon mai kallo. Kowane ɗan gudu yana da lamba a ƙirji, da wata 'yar na'ura da ke nuna lokacin da ya wuce wuraren da aka sa a kan hanya.

Rahoton nan ba a liƙa shi ba, amma bakinmu ya riga takarda. Saboda haka muna rubuta wannan a inda kowa zai karanta: ɗan'uwanmu bai yanke hanya ba, mu ne muka yi kuskure, muna kuma roƙonsa gafara. Masu kiransa da wancan suna, don Allah ku bari.

Muna roƙon malamin wasanni a sa wa 'yan gudu lamba a tsere mai zuwa, ko da ta kwali ce. Mu kuma mun raba aiki: mutum ɗaya kan tanki, biyu a kwanar shinge.